HAROUNA DOULA: TARIHIN ƊAN GIDA DA YA KAI MENA GASAR AFIRKA

 

Shafin tarihi na wagga fitowa zai yi magana bisa wani mai horar da 'yan wasan ƙwallon ƙafa, wato tamaula. Mun san akwai dattawan da za su ce, mi ya haɗa tarihi da wasan yara? To, a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe. Labari ne na wani ɗan ƙasar nan da anka ba aiki mai wuya, ya yi shi, Afirka duka ta yaba, sa'an nan anka janye mashi kujera daidai ranar da ya kamata ya ci moriyar guminsa. Bayan shekaru, da anka sake kiransa, ya amsa, ya kuma sake fid da ƙasarsa kunya. Sunansa Harouna Doula Gabde.

AIKIN MAI HORO

Mu mutanen jihar Doso, kokawa munka fi sani. Tun daga gasar kokawa ta ƙasa ta farko, wadda anka yi a Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe ta, jiharmu ta sha fid da gwanaye, daga Salma Ɗan Rani har zuwa Issaka Issaka. Kowa kuma ya san ɗan kokawa ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai wani tsohon hannu bayansa, wanda ya koya mashi kamu, ya nuna mashi inda abokin karonsa ke da rauni, ya hana shi abin da zai kashe mashi jiki.

Mai horo shi ne wannan tsohon hannu, sai dai shi mutum goma sha ɗaya yake shiryawa, su zamo kamar mutum guda. Shi ke zaɓen wanda zai shiga fili da wanda zai zauna. Shi ke faɗin wanda zai tsare gida da wanda zai kai hari. Ranar wasa ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo. In an ci, wanda ya jefa ƙwallo a raga ake ɗauka bisa kafaɗa. In an sha kashi, mai horo ake nema. Aikinsa ya yi kama da na malamin lakwal: shekarar da yara sunka ci jarrabawa, yaran ne masu ƙoƙari, shekarar da sunka faɗi, malam ne rago.

TAMAULA A NIJAR KAFIN DOULA

Tamaula ta shigo ƙasar nan zamanin mulkin Faransa, ta hanyar lakwal da barikin soja. Bayan samun 'yancin kai cikin 1960 anka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wadda ake ce ma FENIFOOT. Gasar ƙungiyoyin cikin gida ta fara cikin 1966. A lokacin, ƙungiyoyin Yamai lambar yankinsu suke ɗauka a matsayin suna: Secteur 6 ita ta koma Olympic, Secteur 7 ta koma Sahel. Ƙungiyar ƙasa kuwa anka sa mata suna Mena, sunan wata barewa ta arewacin ƙasarmu, mai tsananin gudu.

Mena ta taɓa ba mutane mamaki tun da. A wasannin neman zuwa gasar duniya ta 1982 ta fid da Somaliya, ta fid da Togo, sa'an nan ta gamu da Aljeriya cikin 1981. Can gidansu sunka ci mu 4 da 0, nan Yamai munka ci su 1 da 0. Wagga Aljeriya ce ta je Sifen cikin 1982 ta kada Jamus ta Yamma 2 da 1. Cikin 1989 anka buɗe babban filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai, wanda ƙasar Sin ta taimaka anka gina, mai cin mutum wajen 35,000.

Amma babbar gasa, wato gasar cin kofin ƙasashen Afirka da ake ce ma CAN, wadda anka fara tun 1957, Nijar ba ta taɓa leƙa ta ba. Ba wanda ya ji zafin wannan kamar mutumin Gaya. Najeriya ta ɗauki kofin cikin 1980 da 1994. Benin ta je gasar cikin 2004, ta koma cikin 2008 da 2010. Ke nan in lokacin gasa ya zo, mutanen Kamba na da tasu ƙungiya, mutanen Malanbil, da gada kawai ta raba mu, na da tasu, mu kuwa sai aro: wannan ya bi Najeriya, wancan ya bi Gana ko Kamaru. 'Yan uwanmu da ke zaune Kotonu da Legas sun san irin ba'ar da ake yi ma ɗan Nijar cikin kasuwa a irin wannan lokaci.

AN DAMƘA MASHI MENA

Cikin 2009 anka damƙa ma Harouna Doula ƙungiyar ƙasa. Kafin shi Turawa sun riƙe ta, ba a ga wani abin a zo a gani ba. Bai tarar da taurari masu wasa cikin manyan ƙungiyoyin Turai ba, irin su Drogba ko Eto'o. Yawancin 'yan wasansa cikin gida suke, ko cikin ƙasashen Afirka. Kyaftin ɗinsa, Idrissa Laouali, ɗan ƙungiyar soja ne ta ASFAN. Mai tsaron gida, Kassaly Daouda, haifaffen Doso, yana wasa da Coton Sport ta Garwa a Kamaru. Wanda sunansa ya fi fita waje shi ne Moussa Maazou, wanda ya tashi daga ASFAN ya je Lokeren ta Beljiyam, daga nan CSKA ta Mosko ta saye shi cikin 2009.

Abu guda ya taimake shi. Cikin 2010 ASFAN ta kai zagayen rukuni a gasar ƙungiyoyi ta Afirka da ake ce ma kofin Confédération. Yaran sun saba da juna, sun saba da tafiya, sun daina jin tsoron manyan filaye.

Alamar farko ta bayyana a gasar CHAN, wadda hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ƙirƙiro domin 'yan wasan da ke wasa cikin ƙasarsu kaɗai. Cikin 2010 anka haɗa Nijar da Najeriya a neman gurbi. A Yamai Mena ta ci 2 da 0. A Kano anka tashi ba wanda ya ci. Najeriya ta zauna gida, Nijar ta wuce. A ƙarshen shekarar anka yi gasar ƙasashen UEMOA, masu kuɗin sefa, a Yamai. Mena ta ɗauki kofin bayan ta ci Benin 1 da 0 a wasan ƙarshe. Watan Fabrairu na 2011, a gasar CHAN ta Sudan, ta ci Zimbabuwe, ta ci Gana, ta shiga cikin ƙasashe takwas na ƙarshe. Masu masauki ne sunka fid da ita, su ma sai da bugun fenariti, bayan an tashi 1 da 1.

RUKUNIN DA BA A BA MU KOMI BA

A neman zuwa CAN ta 2012, ƙuri'a ta jefa Nijar rukuni guda da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Ta farko kaɗai ke da tabbacin wucewa. Masar ta ɗauki kofin Afirka sau 7, uku na ƙarshe a jere, 2006, 2008 da 2010, duk a hannun mai horonsu Hassan Shehata. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da sallamar baƙin gasar duniya ta 2010 ba, ga kuɗi, ga filaye. Masu lissafi sun ɗauka Nijar ta zo cika lamba ne kawai. Ga yadda wasanni shida na Mena sunka kasance:

Satumba 2010, a Afirka ta Kudu: sun ci mu 2 da 0.
Oktoba 2010, a Yamai: mun ci Masar 1 da 0.
Maris 2011, a Yamai: mun ci Saliyo 3 da 1.
Yuni 2011, a Saliyo: sun ci mu 1 da 0.
Satumba 2011, a Yamai: mun ci Afirka ta Kudu 2 da 1.
Oktoba 2011, a Masar: sun ci mu 3 da 0.

Ranar 10 ga Oktoba 2010 ita ce ranar da ba a mantawa. Moussa Maazou ya jefa ƙwallo tun kafin hutun rabin lokaci, sauran 'yan wasa sunka rufe gida ruf har alƙalin wasa ya busa tashi. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shekarar ba ta zo ma ƙasar da sauƙi ba: soja sun kifar da gwamnati cikin watan Fabrairu, ga ƙarancin abinci da ya kori mutane da yawa daga ƙauyukansu. Cikin wannan hali ne mutane sunka samu abin da ya haɗa su murna, ba Bahaushe, ba Bazabarme, ba Bafillace, ba Buzu, ba Babarbare.

Akwai masu cewa Masar ta faɗi ne saboda boren da ya tashi a ƙasarsu, ya tsaida wasanninsu na gida. A duba kwanan wata. Boren ya fara cikin Janairu na 2011. Kashin da sunka sha a Yamai ya riga shi da wata uku da 'yan kwanaki, lokacin da suke da cikakken ƙarfinsu.

LISSAFIN DA YA KADA AFIRKA TA KUDU

Ranar 8 ga Oktoba 2011 anka yi wasannin ƙarshe. Masar ta riga ta fita, ta sa samarinta, amma duk da haka sunka ci Mena 3 da 0. A daidai lokacin Afirka ta Kudu na wasa da Saliyo a garin Nelspruit. Da labari ya iske mai horonsu, Pitso Mosimane, cewa ana cin Nijar, sai ya ga kunnen doki ya ishe shi. Anka tashi 0 da 0. 'Yan wasansu sunka zagaya fili suna rawa, duniya na kallo a talabijin.

Ga inda sunka ɓata lissafi. Kowace nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1. Nijar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo, kowace ta gama da maki 9, Masar na da 5. Su Afirka ta Kudu sun ɗauka yawan ƙwallaye za a duba. Da haka ne, da sun wuce, domin sun jefa 4 an jefa masu 2, mu kuwa mun jefa 6 an jefa mana 8. Amma dokar gasar, wadda CAF ta rubuta tun kafin a fara, ba haka ta ce ba. Cewa ta yi in ƙasashe sunka yi daidai a maki, a ware wasannin da sunka yi tsakaninsu kaɗai, a sake ƙirgawa. Da anka fid da wasannin Masar, Nijar na da maki 6, domin ta ci kowace ɗaya sau ɗaya. Afirka ta Kudu na da 5, Saliyo na da 5. Nijar ce ta wuce. Murna ta koma ciki. Hukumar ƙwallon Afirka ta Kudu ta so ta ɗaukaka ƙara, daga baya ta janye, ta nemi gafarar 'yan ƙasarta.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ƙasa mai dukiya irin wannan ta rasa gurbinta domin manyanta ba su zauna sun karanta 'yan layuka na doka ba.

GIRMA A AKARA, SAUKARWA A LIBARBIL

Cikin watan Disamba na 2011 CAF ta yi bikin raba lambobin girma a Akara, babban birnin Gana. Yaya Touré na Kodibuwa ya zamo gwarzon ɗan wasa. Gwarzon mai horo na Afirka duka kuwa, sai anka kira Harouna Doula na Nijar.

Kafin a tafi gasar, wadda Gabon da Ikwatoriyal Gini sunka karɓi baƙuncinta, hukuma ta kawo wani Bafaranshe, Rolland Courbis, wanda ya taɓa riƙe Bordo da Marsai, anka ce mai ba da shawara ne. Ranar 23 ga Janairu 2012, a Libarbil, Mena ta yi wasanta na farko a tarihin gasar. Masu masauki, Gabon, sunka ci ta 2 da 0, Aubameyang ya jefa ta farko. Bayan wannan wasa guda anka maida Doula baya, ragama ta koma hannun Courbis. Tsakanin lambar girma da saukarwa, wata guda ne kacal.

Ranar 27 ga wata Tunisiya ta ci mu 2 da 1, ƙwallonsu ta biyu ta shiga dab da tashi. William N'Gounou ne ya jefa tamu, ita ce ƙwallon Nijar ta farko a gasar. Ranar 31 ga wata Maroko ta ci mu 1 da 0. Mena ta komo gida ba ko maki guda. Zambiya ce ta ɗauki kofin. Courbis bai kai ƙarshen shekarar ba, ya tafi abinsa.

A nan ya kamata a yi adalci. Masu hukuma suna da abin da sunka gani. Duk wanda ya duba jerin wasanni shida da munka kawo a sama zai lura Mena ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya a waje ba. Gida take da ƙarfi, inda take da zafin rana da ihun jama'a. Gasar Afirka kuwa duk a waje ake yin ta. Neman taimako ba laifi ba ne. Kuma ba kowane baƙo ne ya zo a banza ba. Gernot Rohr, Bajamushen da ya ci mu da Gabon, shi anka ɗauko cikin Satumba 2012, ya fid da Gini, ya sake kai Mena gasar 2013 a Afirka ta Kudu. Can Mali ta ci mu 1 da 0, munka yi 0 da 0 da Kwango ta Kinshasa, wanda shi ne makinmu na farko, Gana ta ci mu 3 da 0.

Abin da muke gani kuskure shi ne lokaci da hanya. Ba a sauya matuƙin jirgi tsakiyar Kwara. Mutumin da ya shekara biyu da yara, ya san mai fushi da mai tsoro, ya san wanda ake lallashi da wanda ake tsawatarwa, an ture shi saboda wasa guda da masu masauki gaban jama'arsu. Yara sunka wayi gari da iyayen gida biyu. Kuma yaran da Rohr ya je da su gasar 2013, yawancinsu waɗanda Doula ya tara ne.

KIRA NA BIYU

Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Courbis ya tafi, Rohr ya tafi cikin 2014, wasu sunka zo sunka tafi. Doula na nan. Anka komo gare shi, anka ba shi ƙungiyar 'yan wasan cikin gida. Ya kai ta gasar CHAN da anka yi a Kamaru farkon 2021, inda ta yi kunnen doki da Libiya da Kwango ta Barazabil, Kwango ta Kinshasa ta ci ta, ta fita tun zagayen farko.

Shekara biyu bayan nan, cikin Janairu na 2023, ya sake kai ta gasar a Aljeriya. A birnin Oran Mena ta yi 0 da 0 da Kwango ta Barazabil, ta ci Kamaru 1 da 0, ta zo ta farko a rukuninta. Ta gamu da Gana ta ci ta 2 da 0, ta shiga cikin ƙasashe huɗu na ƙarshe. Har zuwa nan ba a jefa mata ƙwallo ko ɗaya ba. Sai ta ci karo da masu masauki, Aljeriya, sunka yi mata 5 da 0. A neman matsayi na uku Madagaska ta ci ta 1 da 0. Senigal ta ɗauki kofin, Nijar ta zo ta huɗu. Ba za mu ɓoye kashin 5 da 0 ba, ya yi ciwo. Amma manyan 'yan wasan Nijar ba su taɓa kai wannan matsayi a wata gasar CAF ba kafin nan.

A ƙarshen 2023 anka sake riƙa mashi babbar ƙungiya na ɗan lokaci. Cikin Nuwamba Mena ta ci Zambiya 2 da 1 a neman zuwa gasar duniya, sa'an nan anka kawo Badou Zaki na Maroko. Wannan wasa a birnin Marrakesh anka yi shi, ko da yake Nijar ce mai gida, domin CAF ta ce filin Yamai bai cika sharuɗɗanta ba. Dalilin ke nan da ya sa cikin Yuni na 2022 'yan uwanmu na Kotonu sunka kalli Mena da Tanzaniya a ƙofar gidansu. Cikin Agusta na 2025 Doula ya sake jagorantar 'yan cikin gida zuwa CHAN a gabashin Afirka. Gini da Yuganda sunka ci su, sunka riƙe Afirka ta Kudu da Aljeriya 0 da 0, sunka komo tun zagayen farko.

WANI MISALI DAGA AMURKA

Domin a ga abin da haƙuri da mai horo ke haifarwa, bari mu leƙa nesa. A Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ake runguma a hannu ana gudu, kuma manyan makarantu ke renon 'yan wasansa. A jihar Luwiziyana akwai wata kwalejin baƙar fata mai suna Grambling. Cikin 1941, zamanin da doka ta raba baƙi da fari a makarantun kudancin ƙasar, anka ɗauki wani saurayi, Eddie Robinson, ya horar da ƙungiyarta. Makarantar ba ta da kuɗi, har layin fili shi ke shatawa da kansa. Bai bar aikin ba sai 1997. Ya ci wasa 408. Almajiransa fiye da 200 sun zamo ƙwararrun 'yan wasa, ɗaya daga cikinsu, Doug Williams, ya ja ƙungiyar Washinton ta lashe babban wasan ƙarshe na ƙasar cikin 1988. Robinson ya rasu cikin 2007.

Cikin waɗannan shekaru fiye da hamsin akwai waɗanda ya sha kashi. Da an kore shi ranar da ya fara faɗuwa, da ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san sunan makarantar.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na ɗaya, gida shi ne ƙarfi. Makin nan 9 da sunka kai Nijar gasar Afirka, duk a Yamai anka samo su. Da filin ya lalace, sai ƙungiyar ƙasa ta koma baƙuwa a wasanta na gida. Haka abin yake a ƙauye. Filin da yara ke wasa bayan lakwal, in anka bari anka yanka shi fegi-fegi, ko anka maida shi juji, ba ya komowa. Dattawa su ne masu tsaron ƙasa, wagga magana tasu ce.

Na biyu, karatu. Labarin Nelspruit ya isa wa'azi ga duk yaron da ke cewa shi ƙwallo zai yi, ba ruwansa da aji. Ɗan wasan da bai iya karatu ba, wani ke karanta mashi takardar kwantaragi, wani ke ƙirga mashi kuɗinsa. Cikin dubban yaran da ke buga tamaula tsakanin Gaya da Doso, kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ƙafarsu, kuma ko su, ƙarfin ƙafa ba ya wuce 'yan shekaru. Iyayen da ke waje, in kun aiko ma yaro ƙwallo da takalmi, ku haɗa da littafi da alƙalami, ku kuma tambayi makinsa na aji.

Na uku, mu san darajar namu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Muna da halin raina wanda munka san uwarsa da ubansa, mu girmama wanda ya zo daga nesa tun bai yi komi ba. Ba a ƙwallo kaɗai muke haka ba, har wajen magini, da mai gyaran famfo, da malamin asibiti. Baƙo mai sani abin so ne, amma ya zo ya ƙara ma ɗan gida, ya bar mashi sanin in zai tafi.

Na huɗu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maazou da Kassaly ba a babban filin Yamai sunka fara ba. Kowane ɗan wasa yana da wani da ya fara tsaida shi layi, ya busa mashi usur. Sau da yawa malamin lakwal ne, ko malamin wasanni na kwaleji, wanda ke tsayawa da yara bayan an tashi, ba a ƙara mashi ko dala. Sunansa ba ya shiga rediyo. In muna da irin wannan mutum kusa da mu, mu gaishe shi, mu tambaye shi abin da ya rasa. Kuma ranar da yaransa sunka je wani gari anka ci su, kada mu tare shi da zagi a tasha.

Harouna Doula ya ɗanɗana girma, ya ɗanɗana saukarwa, ya ci manya, manya sun ci shi. Abin da ba mai iya shafewa shi ne, ranar da anka fara buga taken Nijar a gasar ƙasashen Afirka, aikinsa ne ya kai mu can. A shekarar nan ta 2012 Najeriya ba ta je gasar ba, Benin ba ta je ba. Mutumin Gaya ya zauna gaban talabijin da tasa ƙungiya, ba ta aro ba.

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, kuma in ya gama ya miƙa takardar ga na kusa da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Sai fitowa ta gaba.